Shin Wayar Hannu Tana Satar Jin Maganar Mai Ita?

Wata magana ta yawaita a bakin 'yan kasuwa da almajirai na Kakau, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Mutum ya zauna a rumfa ya yi cinikin takin zamani da baki, in ya buɗe wayarsa da dare sai ga tallar taki. Daga nan jama'a suka ce lalle wayar nan tana sauraro.

To, ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 2019 asiri ya tonu cewa kamfanonin Amazon da Google da Apple suna biyan ma'aikata su saurari waɗansu muryoyin da na'urorinsu suka naɗa, wai don a gyara fahimtar na'urar. Apple ya nemi gafara. A farkon 2025 kuma ya yarda ya biya dala miliyan 95 don a kashe ƙarar da aka kai shi a Amurka a kan Siri, ko da yake bai amsa laifi ba.

Amma malamai sun yi horo kada a yanke hukunci da zato. A 2018 masana a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun gwada manhajoji fiye da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana buɗe makirufo a ɓoye ba. Galibi abin da ke jawo talla shi ne sawun da mutum ya bari da kansa, watau abin da ya nema a intanet, da wurin da ya je, da mutanen da yake hulɗa da su. Wanda ya iya bin sawu ba ya bukatar laɓewa a bayan zana.

Duk da haka rigakafi ya fi magani. A shiga saitin waya, a nemi wurin izini, a duba manhajojin da aka bai wa makirufo. Ta kira da ta saƙon murya suna da hujja, amma tocila da wasa me za su yi da kunne? A janye musu izinin. A kashe mataimakin nan mai jiran a kira sunansa, domin kullum kunnensa a buɗe yake. A lura kuma da saman allo: iPhone tun 2020 tana nuna ɗigo ruwan lemo in makirufo yana aiki, Android 12 zuwa sama kuwa kore. In za a yi sulhun aure, ko rabon gado, ko lissafin bashi, a bar wayoyi a zaure.

Hukuma ma ta motsa. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya a 2023, a 2024 kuma hukumar kare masu saye ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220.

Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, majalisa kuwa amana ce. Wanda ya shiga zaman sirri da waya a buɗe, amanar abokin zamansa ya saka a hatsari tare da tasa. Allah Ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira, amin.