Kalmomin Turanci da ke kan takardunku, da abin da kowace take nufi

Yawancin takardun da ake ba ku a ofis da asibiti an rubuta su ne da Turanci ko Faransanci, domin su ne harsunan gwamnati guda biyu a Kamaru. A wannan fitowa mun zaɓo kalmomin Turancin da suka fi yawan fitowa, musamman waɗanda kuskure a kansu kan jawo asarar wani haƙƙi ko jinkiri a fayil ɗin iyali. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa da maƙwabta.

Sunan da ake kiran kowa da shi

A Hausa duk wanda tashin hankali ya raba da gidansa ɗan gudun hijira muke ce masa. Turancin ofis ya raba su kashi-kashi. "Refugee" shi ne wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa saboda tsoron a cutar da shi, ko saboda yaƙi da rikici. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969 su ne suka ba shi kariya, kuma babban abin da ke cikinsu shi ne kada a mayar da shi tilas inda ransa ke cikin haɗari. "IDP" kuwa, gajarcen "internally displaced person", shi ne wanda ya gudu amma bai bar ƙasarsa ba, kamar 'yan'uwanku da suka tashi daga Gwoza ko Bama suka koma Maiduguri. Shi yana ƙarƙashin kulawar gwamnatinsa ne. "Asylum seeker" mai neman mafaka ne da ba a gama duba maganarsa ba tukuna. "Returnee" kuma wanda ya riga ya koma ƙasarsa.

Kalmomi uku na tafiya

"Repatriation" komawa ƙasar mutum ne. Kusan kullum za ku gan ta tare da "voluntary", wato da son rai. Yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru da hukumar UNHCR suka sa wa hannu a Yawunde a watan Maris na 2017 ta tanadi cewa komawa gida sai da yardar mai komawa. Idan aka ba ku takarda mai ɗauke da waɗannan kalmomi biyu, sa hannunku yana nufin kun yanke shawarar tafiya da kanku. Kada a rikita "voluntary" da "volunteer", wanda ke nufin mai aikin sa kai.

"Relocation" sauya wurin zama ne a cikin ƙasar da kuke, kamar daga bakin iyaka zuwa sansani. "Resettlement" shi ne kai mutum wata ƙasa ta uku, kamar Kanada ko Amurka, ya zauna can. Kalmomin biyu sun yi kama a kunne, shi ya sa wasu kan ɗauka za a fitar da su ƙasar waje alhali wurin zama kawai za a sauya musu. Ku sani cewa waɗanda ke samun "resettlement" a kowace shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba, kuma ƙasar da za ta karɓi mutum ita ke da magana ta ƙarshe.

A nan ne ya kamata ku riƙe "free of charge", wato kyauta, babu biyan ko sisi. Rajista, katin abinci da duba fayil duk kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunanku a jerin masu tafiya, abin da yake yi shi ake kira "fraud", wato zamba. Ku kai "complaint", wato ƙorafi.

Fom ɗin rajista

"First name" ko "given name" sunan yanka ne. "Surname" ko "family name" sunan da ke biye da shi, wanda a wurin yawancinku sunan uba ne ko na kaka. Ku zaɓi rubutu ɗaya ku tsaya a kai. Idan yau an rubuta Bukar, gobe Abubakar, jibi Boukar, kwamfuta na iya ɗaukarsu mutum uku.

"Date of birth", ko DOB a taƙaice, ranar haihuwa ce, kuma a nan ana fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. Wanda bai san ranarsa ba ya faɗi haka, ya ambaci wani abin da ya faru a shekarar da aka haife shi. A irin wannan hali ana yawan rubuta 1 ga Janairu. "Marital status" yana tambayar matsayin aure: "single" wanda bai taɓa aure ba, "married" mai aure, "divorced" wanda aurensa ya mutu, "widowed" wanda mijinta ko matarsa ta rasu.

"Household" mutanen da ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. "Head of household" shi ne mai ɗaukar nauyin gidan, kuma mace ma tana zama haka idan ita ke riƙe da yara. "Minor" yaro ne da bai kai shekara 18 ba. Idan ya rabu da iyayensa amma yana hannun kawu ko goggo, ana rubuta "separated child". Idan babu wani babba na dangi da ke kula da shi, "unaccompanied" ne. Wanda ke riƙon ɗan wani ya faɗi gaskiyar yadda yaron ya zo hannunsa, domin da wannan bayanin ake neman iyayensa.

Ku lura sosai da sunayen dangi. Mu kan ce "ɗan'uwana" ko "ƙanena" ga ɗan baffa da ɗan maƙwabci ma. A ofis "brother" da "sister" na nufin waɗanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda kuka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai "half-brother" ne ko "half-sister". Ɗan kawu, ɗan baffa da ɗan goggo duk "cousin" ne. Idan aka rubuta "brother" yau, daga baya aka ga iyayenku daban, ana iya zaton ƙarya kuka yi alhali al'adar magana ce kawai. Ku warware wa tafinta: uwarmu ɗaya, ko kuwa ɗan ƙanen babana ne.

A asibiti

"Appointment" rana da lokacin da aka sa muku ku dawo. "Referral" takardar tura mara lafiya zuwa asibitin da ya fi girma, kamar na Mokolo ko na Marwa. A kan magani, "once a day" sau ɗaya a rana, "twice a day" sau biyu, "three times a day" sau uku. "Before meals" kafin cin abinci, "after meals" bayan an ci. Haruffan EXP da lambobin da ke gabansu suna nuna watan da magani zai daina aiki.

Kalmomi biyu sun fi rikita mutane. A hirar yau da kullum "positive" abu mai kyau ne, "negative" mara kyau. A takardar gwaji abin ya sha bamban: "positive" na nufin an ga abin da ake nema a jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro ko ciki, "negative" kuma ba a gani ba. Kada ku bar asibiti sai ma'aikaci ya gaya muku abin da aka gwada da abin da za ku yi.

Kafin ku sa hannu

"Interview" ganawa ce ta tambaya da amsa, "interpreter" kuma tafinta. Kuna da damar neman tafinta, kuma mace na iya neman a ba ta mace. "Confidential" na nufin sirri ne, ba za a bazu da maganarku a sansani ba. "Consent" yarda ce, "signature" sa hannu, "thumbprint" dangwala yatsa, kuma a gaban hukuma dangwale daidai yake da sa hannu.

Tarbiyyarmu ta koya mana cewa "to" idan babba na magana, ko da nufinmu kawai mun ji. Idan tafinta ya mayar da wannan "to" ɗin "yes", za a rubuta cewa kun amince. Saboda haka ga jimloli huɗu da muke so kowane gida ya haddace. "I don't understand", ban gane ba. "Please repeat", don Allah a maimaita. "I need an interpreter", ina bukatar tafinta. "I need time to think", ina so a ba ni lokaci in yi tunani. Babu ma'aikacin da zai riƙe ku da laifi don kun faɗi ɗaya daga cikinsu, matambayi ba ya ɓata.

Yaranku da ke makaranta za su iya taya ku maimaita waɗannan kalmomi da yamma. Amma a ganawar da ta shafi lafiya, aure ko abin da ya same ku a hanya, kada ku sa yaro ya yi muku tafinta, ku nemi babba daga ofis. Duk wanda ya ga wata kalma a takardarsa da ba mu kawo a nan ba, ya kawo takardar teburin bayani, za mu karanta masa mu kuma sa kalmar a fitowa ta gaba.