Ka sayi gida, kuma kana biya duk wata?

A ƙarshen 2023 Autanmu ya kira ni daga Malmo, garin da yake tuƙin bas a kudancin ƙasar Suwidin. Ina zaune a shagona na Kumasi, ina lissafin atamfofi.

"Yaya, na samu gida. Ɗaki biyu da kicin, kuma da araha. Taimakonki nake nema."

A lokacin bankunan can ba sa ba mutum bashin gida fiye da kashi 85 cikin ɗari na farashi, sauran kashi 15 sai ya kawo daga aljihunsa. Abin da ya tara bai kai ba. Cikon kuwa, idan aka mayar da shi sidi, kusan rabin jarina ne. Na ce ya turo mini takardun. A nan na ga wani layi: kurona 5,900 duk wata.

"Wannan fa? Kuɗin banki ne?"

"A'a, Yaya, na ƙungiya ne. Na banki daban."

Na ce to ai kai haya za ka kama, ba saye ba. Ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

Sai da muka kwashe mako muna waya kafin na gane. Irin wannan gida suna kiransa bostadsrätt. Ginin gaba ɗaya mallakar ƙungiyar mazauna ne. Abin da kake saye shi ne zama ɗan ƙungiyar da haƙƙin zama a ɗakunanka ba tare da wa'adi ba, kana iya sayarwa, 'ya'yanka na iya gada. Mu 'yan kasuwa mun san kwatankwacinsa: ka ba da kuɗi masu yawa ka karɓi rumfa a kasuwar hukuma, rumfar taka ce a bakin kowa, amma duk wata mai rasit zai zo. Tsarin ya daɗe a can. HSB, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin gidajen, tun 1923 aka kafa ta.

Kuɗin watan yakan ɗauki ruwa, kwashe shara, inshorar gini, gyare-gyare, da ɗumama ɗakuna, wanda a ƙasar sanyi ba ƙaramin abu ba ne. Wutar lantarkin ɗakinka sau da yawa kai za ka biya daban. Duk wannan ban yi musu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kaso na ƙarshe: bashin ƙungiyar kanta.

Ƙungiya takan ci bashin banki don gina gidan ko yi masa babban gyara, kuma ruwan bashin ana raba shi ne a kan mazauna, a cikin kuɗin wata. Ana auna nauyinsa da murabba'in mita. A rahoton shekara na ginin da Auta ya ƙyalla ido a kai, bashin kurona 12,000 ne a kan kowane murabba'in mita. Gidan mita 60 ne. Na ɗauko kalkuletar shago na buga: kurona 720,000. Bashi ne da ba a rubuta shi a farashin gidan ba, ba Auta ya ci shi ba, amma wuyansa zai hau ranar da ya karɓi makulli. Arahar ke nan da yake murna da ita. Masu harkar gidaje a can sukan ɗauki ƙasa da 5,000 a matsayin bashi mai sauƙi, abin da ya haura 10,000 kuwa a yi hattara.

Kuma lokacin bai yi kyau ba. Babban bankin Suwidin ya ɗaga kuɗin ruwansa daga sifili a farkon 2022 zuwa kashi 4 a Satumban 2023, ƙungiyoyi da yawa suka ƙara wa mazauna kuɗin wata. A kan 720,000, ƙarin kashi ɗaya kacal kurona 7,200 ne a shekara, wato 600 duk wata. Ba kuma ciniki ake yi ba: kwamitin ƙungiya ne ke yankewa, a saƙo maka takarda. Wanda ya kasa biya yana iya rasa haƙƙinsa, a sayar da gidan dole, ƙungiya ta fara cire nata.

Maganar riba ma ta taso, don mahaifiyarmu ta ji labari. Auta ya ce da yana da hali da tsabar kuɗi zai saya. Na ce ko ka biya lakadan, ruwan bashin ƙungiya yana nan cikin kuɗin watanka. Ya yi shiru. Wannan na bar masa shi da malaminsa.

Abu biyu kuma na sa ya tambayo. Na farko, bututun ruwa: a tsofaffin gine-gine akan sauya su gaba ɗaya bayan shekara arba'in zuwa hamsin, aiki mai cin kuɗi, kuma in ba a yi tanadi ba sabon bashi ne. Na biyu, filin: wasu ƙungiyoyin ba su mallaki ƙasar da ginin yake kai ba, haya suke biyan hukumar gari, ana sabunta farashi yawanci duk shekara goma. Kuɗin wata mai ƙanƙanta ma ni ban yarda da shi ba kai tsaye. Wani lokaci alama ce ta kwamitin da ke ɗage gyara don kada a yi masa surutu.

Auta bai ji daɗina ba. Ya ce na mayar da gidan mutum kamar dilar gwanjo, sai na kwance na duba ciki. Kwana goma bai kira ba, gidan kuma wani ya saye.

Bayan wata huɗu ya turo wani: ya fi tsada, ya fi nisa da wurin aikinsa, hawa na uku kuma babu lif. Kuɗin wata 4,100, bashi 4,500 a mita, an sauya bututu shekara shida da suka wuce, filin na ƙungiya ne. Wannan karon shi da kansa ya ja layi a ƙarƙashin lambobin kafin ya turo. Na tura kuɗin a kashi uku, na rage sarin da nake yi a Lome na wannan shekarar.

A watan Janairun da ya biyo baya an ƙara musu kashi uku cikin ɗari. Ya turo mini hoton takardar, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, buga mana."