Jinyar yaro a ƙasar waje: Abin da ya kamata iyaye a Dutsin-Ma da Kurfi su sa a jaka

Yaron da aka haifa da huda a zuciya, ko mai amosanin jini da ake neman yi wa dashen ɓargo, yakan fara ne daga babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi. Daga nan sai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Aminu Kano, kafin likita ya ambaci Indiya ko Masar. Da yake hankalin iyaye na kan haɗa kuɗi, shirin kaya yakan zo a ƙurarren lokaci.

Takardu ne kan gaba. Yaro, ko da jinjiri ne, sai da fasfo ɗinsa na kansa, kuma samun fasfon na buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da lambar NIN. A ƙauyukan da ake yawan haihuwa a gida, nan ne tafiyar ke fara cijewa. Idan uwa kaɗai za ta raka shi, ta riƙe takardar amincewar mahaifi. Indiya na bayar da bizar jinya ga marar lafiya, da ta rakiya ga mutum biyu kacal. Idan dashen ɓargo ne, ɗan'uwan da zai bayar da ɓargon shi ma matafiyi ne mai buƙatar nasa takardun.

Katin rigakafin shawara ya fi kowace takarda rashin jure makara, domin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka Indiya daga Najeriya babu shi, ana iya killace shi har kwana shida, kwanakin da yaro mai ciwon zuciya ba shi da rararsu.

Sai tarihin ciwon: takardar turawa daga likita, sakamakon gwajin jini da rukuninsa, hoton ƙirji da na zuciya, katin rigakafi, da adadin lokutan da aka yi wa yaron ƙarin jini. A ɗauki hotonsu a waya, a kuma riƙe na asali a jakar hannu, kada a sa su cikin kayan da za a auna.

Batun magani na da haɗari. Kowane magani ya tafi cikin kwalinsa, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan yaron. Masar na ɗaukar tramadol a matsayin ƙwaya mai sa maye. A 2017 wata kotu a can ta ɗaure wata 'yar Ingila shekara uku saboda shiga da shi. Jiƙo da sassaƙe gara a bar su a gida, kuma in yaron ya sha su kwanan nan, a faɗa wa likita kafin tiyata. Ɓoyewa don kunya ba ta amfanar kowa.

Sauran kayan ba su da yawa: riguna masu maɓalli a gaba, waɗanda ba sa taɓa ɗinki ko robar ƙarin ruwa, rigar sanyi in tafiyar ta faɗa Disamba ko Janairu, lokacin da sanyin Delhi ya zarce hunturun Katsina, mahaɗin caji, tunda soket ɗin Masar mai huda biyu ne, da zanen goyo ko abin wasan da yaron ya saba da shi. Garin kunu, kuka da yaji sun fi yi wa mai jinya amfani, domin yaron da aka yi wa dashe ba ya cin komai sai da izinin asibiti.

Abin da jaka ba ta ɗauka shi ne harshe. Uwar da Hausa kawai take ji za ta sa hannu a takardar amincewa da tiyata. Tun kafin a sayi tikiti, a tambayi asibitin a rubuce ko yana da tafinta, da kuma wanda zai biya shi.