Sankarar Mama: Me Ya Sa Wata Ake Mata Gashi Sau 25, Wata Sau 15?

Uwargida, idan Allah Ya jarrabi mace da sankarar mama kuma aka gano ta da wuri, galibi likita yakan yanke ƙullutun kawai ya bar mata nononta. Amma magani bai ƙare a nan ba. Bayan ciwon tiyata ya warke akan tura ta wajen gashi, wato a kwantar da ita ƙarƙashin wata na'ura mai fitar da haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, domin kashe ragowar ƙwayoyin cutar. Babu wuta a ciki, kuma babu zafi a lokacin da ake yi. Idan ta koma gida za ta iya ɗaukar 'ya'yanta ta yi girkinta, ba za ta cutar da kowa ba.

Abin da ke ɗaure wa mata kai shi ne, sai ka ga mata biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya an ce ta yi mako biyar tana zuwa, ɗaya kuma mako uku. Wace ce aka tauye?

Yadda aka saba

Shekaru da dama tsarin da likitoci suka saba da shi shi ne zuwa sau 25, Litinin zuwa Juma'a, har mako biyar. Kullum ana ba da ɗan kaɗan, saboda tsoron kada a ba da mai yawa lokaci guda ya lalata fata da naman da ke da lafiya. Daga baya masana suka fara tambayar kansu: idan aka ɗan ƙara na kowace rana, aka rage yawan kwanakin da jimillar hasken gaba ɗaya fa?

A Kanada aka gwada da mata 1,234. An yi wa wasu sau 25, wasu sau 16. Sakamakon shekara goma da aka fitar a 2010 ya nuna cutar ta dawo a nonon kashi 6.7 cikin 100 na masu dogon tsari, da kashi 6.2 na masu gajere. Ke nan babu wani bambanci. A Birtaniya ma an yi gwaje-gwaje biyu masu suna START da mata sama da 4,400, inda aka ga zuwa sau 15 cikin mako uku yana aiki daidai da na mako biyar, har ma kumburi da motsewar nono sun fi sauƙi. A 2009 ƙasar ta ɗauki sau 15 a matsayin tsarinta. A 2020 kuma wani gwajin mai suna FAST-Forward, da mutum 4,110, ya nuna cewa sau 5 cikin mako ɗaya tak bai gaza na mako uku ba bayan shekara biyar. Da yake lokacin annobar korona ne, asibitoci da yawa suka karɓe shi cikin hanzari don rage cunkoso.

To me ya hana kowa bi?

Duk da waɗannan hujjoji, ba ko'ina aka sauya lokaci guda ba. A Amurka, wani bincike da aka buga a 2014 ya gano cewa cikin matan da suka cancanci gajeren tsari, kusan kashi 11 cikin 100 ne suka same shi a 2008, kuma har zuwa 2013 bai wuce kashi 35 ba. A jihar Mishigan an ga asibitin da ke yi wa kashi 2 kacal na matansa, ga wani kuma yana yi wa kashi 80. Wato sau da yawa ba ciwon mace ba ne ke yanke hukunci, ƙofar da ta shiga ce.

Dalilai sun haɗa da sabo, domin likitan da ya yi shekara ashirin yana ganin amfanin wata hanya ba ya saurin barinta. Akwai tsoron illar da ka iya fitowa bayan shekaru, musamman ga mata masu ƙuruciya da masu manyan nono. Sannan akwai batun kuɗi: inda ake biyan asibiti bisa yawan zuwa, rage kwanaki rage shiga ne. Ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka ma da farko, a 2011, ta taƙaita shawararta ga masu shekara 50 zuwa sama, sai a 2018 ta buɗe wa mafi yawan mata ba tare da duba shekaru ba.

Mu fa a nan gida?

Wannan magana ta fi shafar mu fiye da su. Na'urorin gashi kaɗan ne a ƙasashenmu. Mace daga ƙauye sai ta nufi manyan birane irin su Zariya, Sakkwato ko Abuja. A Nijar sai a 2021 aka fara yin gashi a Yamai. Ki yi tunanin uwa mai 'ya'ya biyar da za ta bar gidanta mako biyar: kuɗin mota, masauki, abinci, da mai jinya da ita ma ta bar nata gidan. Nan ne wasu ke yankewa a tsakiya, kuma gashin da aka yi rabi aka bari hatsari ne. Mako uku ya fi sauƙin cikawa, sannan na'ura ɗaya za ta iya ɗaukar mata da yawa, layi ya ragu.

Sai dai a kula, mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan matan da aka gano cutarsu da wuri. Mu kuwa yawancinmu ba ma zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfi, bayan an sha jiƙe-jiƙe an gaji. Wadda cutar ta kai hammata ko aka yi mata gyaran nono, likita ne zai auna abin da ya dace da ita.

Abin da za ki tambaya

Idan ke ko 'yar'uwarki aka tura ku gashi, babu rashin kunya a ce: “Likita, sau nawa zan zo? Shin na cancanci na mako uku ko na mako ɗaya? Idan ban cancanta ba, mene ne dalili?” Ki gaya masa nisan garinku da halin aljihunku tun kafin a tsara. Maigida ma ya raka ki ya ji da kunnensa, don a shirya kuɗi da mai kula da yara. Da zarar an fara, kada ki tsallake rana sai da sanin likita.

Kafin duk wannan, ki riƙa duba nononki kowane wata bayan gama al'ada. Ƙullutu, sauyin fata ko jini daga kan nono, a garzaya asibiti ko da babu zafi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da zuri'armu, amin.