Wa Ke Riƙe da Linzamin Kwamfutocin Ofis?

Ku mutanen Bunkure, Kura da Garun Malam, kun fi kowa sanin cewa ruwan da ke shiga gonar shinkafa ko ta tumatir daga Tiga yake tasowa, dam ɗin da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Ya biyo babban kanal, can sama kuma akwai mai buɗe ƙofa da rufe ta. To yau a kan mai ƙofa za mu yi magana, amma na kwamfuta.

Akwai manhajar da ke bai wa ma'aikaci ɗaya dama, yana zaune a Kano ko Abuja, ya ga allon kowace kwamfuta ta ofis, ya saka mata sabon abu, ya yi gyara, ya kulle ta in ya ga dama. TeamViewer, wadda ta fito daga Jamus a 2005, tana cikinsu, haka ma AnyDesk. Amfaninta ba a faɗa. Maimakon mai gyara ya hau mota ya biyo titin Zariya har Kura saboda kwamfuta ɗaya ta ƙi buga rasit, cikin 'yan mintuna ya gama daga kujerarsa.

'Ya'yanmu ma sun san wannan tsari, ko da ba su san sunansa ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma duk kwamfutocin zauren jarrabawar a haɗe suke da uwar garke ɗaya. A 2025 aka yi wa manhajar jarrabawar gyara, gyaran bai isa wasu uwayen garke ba. Abin ya shafi cibiyoyi 157 a Legas da kudu maso gabas, ɗalibai 379,997. Ku sake ji: ɗalibai 379,997. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana zubar da hawaye, ya ba da haƙuri, aka sake wa yaran jarrabawa. Ba ɓarawo, ba mai kutse, saƙo ne kawai bai kai ba.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai daga ƙasar Yukren yake. Ranar 23 ga Disamba, 2015, lokacin sanyi, wani ma'aikacin kamfanin wutar lantarki a yankin Ivano-Frankivsk yana zaune gaban kwamfutarsa, sai ya ga 'yar kibiyar allo tana tafiya da kanta. Hannunsa ba ya kan linzami. Kibiya ta je ta danna, tashar wuta ta mutu. Ta sake dannawa, wata ta mutu. Bawan Allah ya cafki linzami, linzami ya ƙi jin maganarsa. Aka fitar da shi daga tsarin, ya yi ƙoƙarin komawa, ashe an canja kalmar sirrinsa. Yana ji yana gani! Masu kutsen sun shafe watanni a ɓoye cikin kwamfutocin kamfanin, suka tara kalmomin sirrin ma'aikata, sannan suka shigo ta ƙofar da aka tanada don aiki daga nesa. Gidaje da shaguna kusan 225,000 na kamfanonin wuta uku da aka kai wa harin suka shiga duhu. Abin da ya cece su kuwa, ma'aikata ne suka hau mota, suka bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da wuta da hannu.

A Yulin 2021 kuma masu kutse suka shiga ta Kaseya, wata manhajar sarrafa kwamfutoci daga nesa ta Amurka, shagunan Coop kusan 800 a Suwidin suka rufe don na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya.

Lokaci na hararar mu. Alhaji mai injin casar shinkafa, Hajiya shugabar makaranta, ku tambayi yaron da ya haɗa muku kwamfutoci: wa da wa ke iya shiga daga nesa? In ma'aikaci ya bar aiki, a ranar a canja kalmar sirri. Masu POS kuma, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ku sauke wata manhaja zai gyara muku asusu, ku kashe wayar ku je reshen bankin da ƙafarku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.