Asalin zanen bangon littafi: ina ya shiga bayan an gama bugu?

A shekarun da littafin Hausa ke tashe, daga wajajen 1990 zuwa lokacin da wayar hannu ta karɓe masu karatu, Illela na cikin ƙofofin da littattafan Kano ke bi su tsallaka zuwa Ƙonni da sauran garuruwan Nijar. Mai saye a bakin iyaka ba ya da lokacin buɗe shafi. Bango yake kallo. Idan ya ga sadauki ya zare takobi, ga dodo ya wage baki a bayansa, ya san littafin yaƙi ne irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini. Idan kuwa budurwa ce ta yi tagumi, to soyayya ce.

Abin da mai saye bai cika tunawa ba shi ne, wannan hoton da ya ja shi kwafi ne kawai. Kafin a kai ga injin bugu, akwai takarda guda ɗaya tak da mai zane ya zauna a kanta da fensir da burushi da fenti. Ita ce asalin zane, kuma ita masu tara irin wannan kaya a duniya suke nema ruwa a jallo.

Dalilinsu ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa ajiye asali kusa da kwafi. Asalin yakan fi bangon girma, domin rage shi ake yi wajen bugu. A jikinsa ana ganin sawun burushi, da layin fensir da ba a goge sosai ba, da wurin da mai zane ya yi kuskure ya shafe da farin fenti ya sake. Wani lokaci har da ɗan rubutu a gefe yana gaya wa maɗaba'a girman da za ta fitar. Injin bugu launi huɗu yake haɗawa ya kwaikwayi dukkan sauran, a kan takarda mai arha kuwa ja yakan koma ruwan ƙasa, inuwar fuska ta dunƙule ta zama baƙi. Ƙwarewar hannun da yawa a nan take salwanta.

Turawa ma ba da wuri suka farga ba. A Amurka, kamfanonin da ke buga mujallun jarumai sun daɗe suna ɗaukar zanen a matsayin tarkacen aiki, wasu a ba baƙi kyauta, wasu a zubar. Jack Kirby, wanda da hannunsa aka ƙirƙiro Captain America da Hulk, sai a 1987 kamfanin Marvel ya mayar masa da wani ɓangare na shafukansa, bayan doguwar taƙaddama. Yau labari ya sha bamban. A 2022 an sayar da asalin bangon littafin Batman na Frank Miller, na shekarar 1986, a kan dala miliyan 2.4. Mafi ban mamaki shi ne zanen da Hergé ɗan ƙasar Beljiyam ya yi wa littafin Tintin a 1936. Mawallafi ya ƙi shi saboda buga launukansa zai yi tsada, ya shafe shekaru a naɗe cikin durowa, amma a 2021 aka yi gwanjonsa a birnin Faris a kan kusan Yuro miliyan 3.2, da alamun ninkin a jikinsa.

Ba a cewa zanen bangon littafin Hausa zai kai wannan kuɗi, kuma wanda ya shiga neman sa don riba zai sha jira. Asarar da ake magana a kanta ta tarihi ce. Marubuci yana da sunansa a bango da manyan baƙaƙe, mai zane kuwa in ya samu, ɗan sa hannu ne a kusurwa, wani lokaci ma wuƙar maɗaba'a ta datse shi. An biya shi ladan aikinsa sau ɗaya, takardar ta zauna a wurin mai bugu. Da kwamfuta ta shigo, aka koma harhaɗa hotunan 'yan fim da na intanet, sana'ar ta ja baya ba tare da an yi mata ko sallama ba.

Ragowar da ta tsira tana hannun marubuta, da tsofaffin maɗaba'u, da iyalan masu zanen. Wanda ya ci karo da ita, abin farko shi ne kada ya naɗe ta, kada kuma ya kai a manne ta da leda mai zafi irin ta takardun shaida, domin ba ta ɓantaruwa sai da fentin. A shimfiɗe ake ajiye ta, tsakanin fararen takardu biyu, nesa da rana da danshin damina da gara. A bayanta kuma a rubuta da fensir sunan wanda ya zana, da littafin da aka yi wa, da shekarar, tun ana samun masu tunawa.