Kafin Ka Karɓi Dashe, Tambayi Sunansa

Duk ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin Nijar kuma ranar dashen itatuwa, ana raba ƙananan itatuwa cikin baƙar leda. Jama'ar Dungas da Magarya, kafin ku miƙa hannu ku tambaya: wannan wane icce ne, kuma ina ya dace a dasa shi?

Ba kowane kore ba ne abokin manomi. Iccen turare daga Ostireliya aka kawo shi. Yana saurin tashi, yana ba da azara miƙaƙƙiya, shi ya sa ake rububinsa. Amma ka dasa shi a bakin fadama ko kusa da garka, zai yi ta kokawar ruwa da shukarka. Dogon yaro, ɗan Indiya, inuwarsa ba ta da laifi a ƙofar gida ko kasuwa, sai dai tsakiyar gonar hatsi ba wurinsa ba ne. Mutanen Difa kuwa sun ga yadda firosofis, ƙayar nan 'yar nahiyar Amurka, ta mamaye inda tafkin Chadi ya janye har ta toshe hanyar masunta da makiyaya.

To dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki lokaci guda. Tsaya ƙarƙashinsa gab da kaka ka ga kaurin kara da nauyin zangarniya, ka taka kaɗan zuwa fili ka gwada. Da rani ya yi ganye, awaki su yi cincirindo suna tsintar 'ya'yansa, su bar maka kashinsu, a cikin kashin kuma akwai irin wani gawon. Ba banza ba ake ba da labarin tsananin hukuncin sarakunan Damagaram kan mai sare shi.

Bayan farin 1984, manoman Magarya, Matamai da Mirya suka rungumi sassaben zamani: a bar tohon da ya fito da kansa, a rage rassa, a kare shi daga gatari. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a faɗin Nijar, akasarinsu ba daga leda suka fito ba.

In dashen ya zama dole, nemi kuka, ɗorawa, tsamiya, aduwa ko magarya. Kalgo da sabara ma ba sai ka nema ba, kututturensu na nan cikin gonarka, ka dai ɗaga musu ƙafa ranar sharar gona.